Kai ɗaliban koleji bikin marubuta a Tawa: jagora ga malamai

Yaron da ke ajin 4e, aji na uku a koleji, a Tawa, in ka ce ya faɗi sunan marubuci ɗaya, zai kawo maka wanda ya haddace saboda jarrabawa. In ka ƙara tambayarsa ko ya taɓa zama kusa da mai rubuta littafi, sai ya sunkuyar da kai. A ganinsa littafi kaya ne da ke zuwa daga nesa cikin kwali, da Faransanci, mai shi kuwa ko ya daɗe da rasuwa ko yana wata ƙasa. Bikin marubuta na iya rushe wannan zato cikin wuni guda, amma fa sai in malami ya yi nasa aikin tun kafin ranar. Ɗaliban da aka kwasa ba shiri, aka jera su a bayan manyan baƙi, suka sha jawabai har azahar, ba abin da za su koma gida da shi sai yunwa da hotuna a waya. Abin da muke nema shi ne yaro ya je da karatu a kansa da labari a aljihunsa, ya yi magana da marubuci baki da baki, ya dawo ya rubuta nasa.

Lokaci, izini da zaɓen yara

Fara da sanin inda za a yi taron da wanda ke riƙe da shi. A Tawa wuraren da za ka fara leƙawa su ne Gidan Matasa da Al'adu mai sunan Albarka Cibau, da harabar Jami'ar Djibo Hamani. A Yamai akwai cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda, da tsohuwar cibiyar Faransa da Nijar wadda tun 2024 ke amsa sunan Moustapha Alassane, mai fim ɗin zane da ya yi shekaru masu yawa yana zaune a nan Tawa. Sai dai Yamai kilomita wajen 550 ce ta Konni da Dogon Dutsi da Doso. Tafiya ce ta kwana, ga kuɗin mota, ga masauki, ga tunanin lafiyar hanya. In ba wata ƙungiya ce ta ɗauki nauyi ba, shawarata a tsaya gida a jawo marubucin ya zo. Kuɗin motar mutum ɗaya ya fi na yara talatin sauƙin haɗawa, kuma in babu biki a garin bana, marubuci ɗaya da mai gatana ɗaya a inuwar makaranta sun isa a kira shi biki.

Lokacin sanyi ya fi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ranar 21 ga Fabrairu ita ce ranar harshen uwa ta duniya, kuma tana sauƙaƙa samun izini. Ranar littafi ta duniya 23 ga Afrilu ce, amma kowa ya san Afrilun Adar, zafi ya haura digiri 40. In ranar ta zama dole, a fara da takwas na safe a tashi kafin sha ɗaya. Daga Mayu kuwa a ƙyale ƴan 3e da ƴan terminale, azuzuwan ƙarshe na koleji da lise, su fuskanci jarrabawar BEPC da BAC. A duba kalanda kuma kada ranar ta faɗa cikin azumi.

Ka je wurin direkta da takarda shafi ɗaya: rana, wuri, yawan yara, sunayen malaman da za su raka su, da kuɗin da ake bukata. Daga nan sai kwamitin iyayen yara. Takardar izinin da za ta je gida a rubuta ta da Hausa da Faransanci, a sa lokacin tafiya da na dawowa. Batun ƴan mata yana bukatar ƙafa, takarda kaɗai ba ta isa. Uban da ya ƙi, a je har gida bayan la'asar tare da malama, a gaishe shi, a ce: Baba, Madam ce za ta riƙe su daga fita har komowa, kuma kafin azahar tana gida. Yawancin iyaye abin da suke son ji ke nan, sunan wanda amanar ke hannunsa.

Kada a wuce yara talatin, rabi mata rabi maza. Kuma don Allah kada a zaɓa da maki kawai. Yaron nan na bencin baya da ke tara abokai lokacin hutun safe yana kwaikwayon maganar kowa a unguwa, shi ne na farko da zan rubuta. Yana da kunne, yana da baki, abin da ya rage masa alƙalami ne.

Karatu kafin ganawa

Nan ne mafi yawan aikin yake, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Zukatan yara kamar faƙon Adar suke: sai an haƙa tassa, ƴan ramukan tare ruwa, an zuba taki kafin ruwan farko, in ba haka ba ruwan ya bi ta kai ya wuce.

Sati uku kafin biki ka nemi sunayen marubutan da za su zo, ka zaɓi ɗaya ko biyu. Nemi littafinsa ko da kofi ɗaya ne. In babu shi a Tawa, ka kira marubucin ko masu shirya taro ka roƙi izinin buga shafi huɗu ko biyar don aji. Da wuya marubuci ya hana, kuma neman izinin kansa darasi ne ga yara cewa rubutu dukiyar mai shi ce. Zaɓi wurin da wani abu ke faruwa, faɗa ko rabuwa ko wani asiri da ya tonu. Bayanin gari da yanayi a bar shi sai an saba.

Zaman farko kai ne za ka karanta, da babbar murya, a tsaye, kana canza murya ga kowane mai magana. Kada ka tsaya fassara kalmomi. In ka kai ƙarshe ka rufe takardar ka ce: wa zai ba mu labarin nan da Hausa, kamar yana ba ƙanensa? Za a yi shiru, sai wata ta fara a hankali, wani ya katse ta ya ce ba haka aka yi ba, gardama ta tashi. Kada ka kashe gardamar, ita ce alamar sun shiga labarin. A zama na biyu su za su karanta, biyu-biyu, kowa ya ja layi ƙarƙashin jimlar da ta fi kama shi da wurin da bai gamsu ba. Na uku na tambayoyi ne, zan zo kansa.

A tsakanin waɗannan zaman ka ɗauki minti goma-goma ka gabatar musu da magabata, don su san baƙon da ke zuwa yana da dangi a wannan sana'a. Boubou Hama, wanda aka haifa a Foneko a 1906, malamin makaranta ne kafin ya shugabanci majalisar dokoki har 1974, kuma ya kwashe rayuwarsa yana tattara tarihi da tatsuniyoyi daga bakin tsofaffi. Gidan tarihin ƙasa da ke Yamai sunansa yake ɗauke da shi. Abdoulaye Mamani ya fitar da Sarraounia a 1980, labarin Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Rundunar nan ita ce ta ƙone Birnin Konni a wannan shekarar, don haka yaran da kakanninsu ke Konni labarin gidansu ne. Med Hondo ya mai da littafin fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1987. Sai Mahamadou Halilou Sabbo, wanda littafinsa Abboki na 1978 ya yi magana kan samarin da ke barin gida su nufi bakin teku neman kuɗi. Ka tambayi ajin wa ke da wa ko kawu a Abijan ko Legas ko Libiya, ka ga yawan hannuwan da za su tashi. Daga ranar yaro ya gane cewa abin da ke faruwa a zaurensu ma yana shiga littafi.

Aikin gida: gatana daga bakin kaka

Sati biyu kafin biki, kowane ɗalibi ya je ya samo gatana ɗaya ko labarin tarihi ɗaya daga wani babba a gidansu: kaka, gwaggo, inna, ko tsohon unguwa. Ka koya musu yadda ake roƙo. Ba a tsayawa kan tsohuwa da kaye da bik a ce Mushe ya ce ki ba ni tatsuniya. A bari sai bayan isha, a zauna ƙasa, a kira ƙanne su ma su zauna, domin gatana ba ta fita daidai in mai saurare ɗaya ne. Tsofaffi da yawa ba sa yarda su yi ta da rana, kada a matsa musu. In akwai waya a gidan a nemi izini a ɗauki murya, in babu, yaro ya saurara sau biyu a darare biyu, ya rubuta da safe.

Abin da za a rubuta a saman takarda: sunan mai ba da labarin, garinsu na asali, da wanda ita ta ji daga bakinsa. Wannan tambaya ta ƙarshe tana buɗe ƙofofi. Tsohuwa za ta ce daga kakata a Illela, ko a Bagga, ko a Keita, sai wata hirar ta ɓarke wadda ta fi gatanar tsawo. Ka gaya wa yaran cewa aikin da suke yi shi ne wanda cibiyar CELHTO ke yi a Yamai tun 1968, tattara tarihi da adabin baka na Afirka daga bakin masu shi.

A rubuta yadda aka faɗa. In kaka ta ce tahi, kada jika ya gyara mata zuwa tafi. In ta ce lahiya lau, a bar shi haka. Hausar Adar tana da daɗinta, kuma littafin da ya goge ta ya yi asara. Abin da za ka gyara shi ne haruffa. Yawancin ɗalibanmu sun koyi rubutu da Faransanci, don haka za su rubuta ou a wurin u, tch a wurin c, kuma ba su san masu lanƙwasa ba. Awa ɗaya a allo ta isa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, da ts da sh da c. Ba su misalan da ke nuna bambanci, kamar bari da ɓari, ko kafa da ƙafa, sai ka ga sun kama da wuri. Tun da kundin mulkin Nijar da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, wannan awa ɗaya ba ɓata lokaci ba ce ko a idon wanda jarrabawa kawai ta dama. Ajinmu kuma ba Hausawa kaɗai ke ciki ba. Ɗan Abzinawa ya kawo nasa da Tamajak, Bafulatana ta kawo nata da Fulatanci, su ba da ma'anar da Hausa. Wanda ya fi sakin hannu da ajami saboda makarantar allo, ya rubuta da ajami.

Tambayoyi

In ba a shirya ba, tambaya uku ce za ta yi ta maimaituwa: shekarunka nawa, littafi nawa ka rubuta, wace shawara za ka ba matasa. Marubuci ya amsa su sau ɗari, zai amsa da baki kawai. Ka sa kowane yaro ya rubuta tambaya biyu a ƴar takarda, ɗaya daga cikin shafukan da aka karanta, ɗaya kan yadda ake aikin. Sannan aji ya tace su tare, a fitar da goma.

Tambaya mai kyau tana da wurin da ta dafa. Me ya sa uwar ba ta ce komai ba lokacin da ɗanta ya ɗauki jaka? Mutumin nan mai shago akwai shi da gaske, kuma ya san ka sa shi a littafi? Da wane harshe labarin ke fara zo maka a kai? Shafin farko sau nawa ka sake shi? Wa ya fara karantawa kafin a buga? Littafin yana ciyar da kai ko kana da wani aiki? Wannan ta ƙarshe wasu malamai na ganin rashin kunya ce. Ni ina ganin a bar yara su yi ta cikin ladabi, domin gara su ji gaskiya, cewa mafi yawan marubutanmu malamai ne ko ƴan jarida ko ma'aikata, da dare ko da asuba suke rubutu. A yi gwaji a aji, kai ka zauna a matsayin baƙo, yaro ya miƙe, ya yi sallama, ya faɗi sunansa da ajinsa, ya yi tambaya da muryar da na baya zai ji.

Kira marubucin

Kwana uku kafin ranar ka kira shi, ko ita. Faɗa masa shekarun yaran, shafukan da suka karanta, da harshen da suka fi sakewa da shi. Roƙe shi abu uku: kada jawabinsa ya wuce minti goma, ya karanta wani yanki da bakinsa, kuma ya zo da tsohon daftarinsa, wanda ya sha gogewa da jan layi. A daidaita batun kuɗin mota da masauki da ɗan abin goro tun a waya, kada a bar baƙo cikin jin nauyin tambaya.

Ranar biki

Ku isa da rabin awa kafin lokaci. Kowane yaro da kaye da bik da ruwan sha, kuma a tabbata sun karya kumallo. In akwai bikin buɗewa da jawaban hukumomi, a nemi masu shirya taro su ware wa ɗalibai awa biyu nasu su kaɗai, a wani ɗaki ko ƙarƙashin bishiya. Cire teburin da ke tsakanin baƙo da yara. A shimfiɗa tabarmi ko a zagaya da bencina, baƙo ya zauna a kujera cikin da'irar. Ƴan mata su zauna gaba a gefe ɗaya tare da malama, in ba haka ba samari za su cinye filin. Wayoyi a aljihu har sai an gama, hoto yana da lokacinsa.

Mai gatana ce za ta buɗe. Kafin ta fara ka raba wa yara aikin kunne: wasu su lura da inda take tsayawa ta yi shiru, wasu da yadda take canza murya in Gizo ya zo da tsamin bakinsa, wasu da waƙar da ke tsakiya da sau nawa ta dawo. In ta ce gatanan gatananku, aji duka ya amsa, har malamai. Minti goma sha biyar ya isa. Da ta rufe, ka juya ga marubucin ka tambaye shi a gaban yara: Malam, cikin abin da Inna ta yi yanzu, me kake iya yi a takarda, me kuma ya fi ƙarfin takarda? Amsar wannan tambaya ita ce gadar da ke haɗa rabin taron na farko da na biyu. Zai yi maganar yadda aya da sakin layi ke tsaya wa shirun mai gatana, da yadda dole marubuci ya nemo kalmar da za ta maye gurbin hannu da ido.

Sai ya karanta nasa, sai tambayoyi, mace da namiji bi da bi. Sannan daftarin. A miƙa shi ya zagaya hannu zuwa hannu. Na ga yarinya ta riƙe irin wannan takarda, shafi guda da aka soke kusan rabinsa da jan bik, aka rubuta wasu kalmomi a gefe har suka gangara ƙasa, ta ɗago ta ce: Baba, ashe kai ma kana kuskure? Ya ce mata shafin da ke hannunta sake na huɗu ne. Yaran da suka saba ganin jan bik a matsayin hukunci suna bukatar su ga wannan da idonsu.

Rabin awa na ƙarshe na rubutu ne, kuma kada a yarda wani abu ya cinye shi. Ba su zaɓi biyu ko uku: Gizo ya sauka a tashar Tawa yau ba ko dala a aljihunsa, ko gatanar da aka ji ɗazu amma daga bakin Ƙoƙi, ko safiyar da wani na gida ya tafi cin rani. Minti ashirin, kowa da harshen da ya ga dama, ba maki. Marubucin ya zagaya yana leƙawa, kai kuma ka ja baya ka yi shiru. Mutum huɗu ko biyar su karanta nasu, waɗanda suka ɗaga hannu da kansu. Ka roƙi baƙon tun farko ya faɗi abu ɗaya da ya yi kyau a kowane rubutu da abu ɗaya da za a ƙara, kada ya taɓa nahawu. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu da aka yi wa dariya a gaban baƙo zai daɗe bai sake buɗe baki ba, don haka dokar hana dariyar raini a kafa ta tun a makaranta.

In ana sayar da littattafai, kuɗin da aka tara, ko jika biyar ne, a sayi na aji, marubucin ya sa hannu da sunan makaranta. Ɗalibi ɗaya ya yi godiya a madadin kowa, ita ma mai gatana a sallame ta da mutunci daidai da na marubucin. A ƙirga yara kafin a tashi.

Bayan an dawo

Kada sati ya wuce ba a koma kan rubutun ba. Kowa ya sake nasa sau biyu, abokin benci ya karanta ya faɗi inda bai gane ba. A haɗa gatanan da aka samo daga gida da sababbin labaran, a buga su a kwamfuta, a yi kofi a ɗinke da zare ko a maƙale. Kowane labari da sunan wanda ya rubuta da sunan tsohuwar da ta bayar. Waɗanda ba su samu zuwa ba su ne za su yi zanen bango da na ciki, kuma a karanta musu a aji. Kofi ɗaya na direkta, ɗaya na ɗakin karatu, ɗaya a aika wa marubucin tare da wasiƙar da yaran suka rubuta da hannunsu, ɗaya kuma kowane yaro ya kai gida ya karanta wa mai labarin da dare. In akwai gidan rediyon da ke da filin yara ko na al'ada, a nemi minti goma sha biyar ɗalibai uku su karanta nasu.

Littafin da aka sayo a naɗa masa mai tsaro cikin ɗalibai, da kaye na rubuta sunan mai aro da ranar maidowa, kwana bakwai ga kowa. A tsayar da zama ɗaya a sati, ko da na minti arba'in ne, a karanta shafi biyu a rubuta rabin shafi. Ƴan 4e na bana su ne za su koya wa ƴan 5e yadda ake roƙon gatana da yadda ake tace tambaya in shekara ta zagayo, don haka a ajiye takardun tambayoyin da lambar marubucin a ofishin direkta inda malamin da zai gaje ka zai same su.